Mu Koma Kan Babbaƙu: Jawabi Ga Masu Koyon Rubuta Manhaja

Dattawanmu, iyayenmu mata, da matasan wannan ƙungiya ta Hausawa mazauna Tsohuwar Maiduguri, muna gaishe ku.

Jama'a, da yawa daga cikin kakanninmu ba fatauci ne ya kawo su Barno ba, karatu ne. Mutum zai baro Kano ko Haɗeja ko Damagaram da gemunsa, ya ce ya tafi gabas, ya zo ya durƙusa gaban gwani, wanda 'yan'uwanmu Kanuri ke kira goni. Kuma kowane gwani daga kolo ya fara: babbaƙu tukuna, sannan farfaru. Ya rubuta allo, malam ya duba ya ce akwai gyara, ya wanke ya sake. Ba mu taɓa jin wanda ya ce an ci masa mutunci don an sa shi wanke allo ba.

To, abin da ya sa muka kawo wannan shi ne halin da muke gani wajen yaranmu masu koyon rubuta manhajar kwamfuta. Tun da gwamnatin tarayya ta buɗe shirin 3MTT a 2023, matasa suka yi ca a kan wannan fanni. Amma sai ka ga yaro ya fara da zafi, mako biyu ya watsar. In ka tambaye shi, wai kwamfuta ta ƙi shi.

Ba ta ƙi kowa ba, malama ce marar kara. A harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, in ka manta ɗigon ruwa biyu a ƙarshen sharaɗi, ko ka buɗe baka ba ka rufe ba, ko tazarar farkon layi ta goce, aiki ya tsaya cik. Sai ta fito maka da saƙo, har da lambar layin da ta yi tuntuɓe. Wannan saƙon shi ne gyaran allo. Ƙwararre karanta shi yake yi a natse, sabon shiga kuwa sai ya rufe kwamfutar don kada na kusa ya gani.

Wanda abin ya fi wahalar ma shi ne mai takarda. Ya fito daga Jami'ar Maiduguri ko Kwalejin Ramat, ana ce masa yallaɓai, yanzu a ce ƙaninsa ɗan sakandare ne zai nuna masa? Sai ya yi shiru, ya gyaɗa kai kamar ya gane. Alhali gemu ba ya hana ilimi.

Akwai kuma sabuwar fitina. Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, yaro na iya cewa a rubuta masa manhaja, a rubuta nan take. Amfani da shi ba laifi ba ne, mu ma muna yi. Amma wanda aka rubuta wa allo bai iya harafi ba, ranar da mai kanti a Kasuwar Monday ya ce lissafin kayansa ya rikice, me zai gyara?

Saboda haka ku fara da ƙarami: manhajar da za ta tara cinikin yini, ko ta lissafa zubin adashen Inna. Wanda ba shi da kwamfuta ya rubuta a takarda, ya gwada a waya da Pydroid. Ku kuma iyaye, in kun ga yaro ya wuni kan layi goma, kada ku ce wasa yake yi, ku ba shi kuɗin caji.