Faɗan Bakin Kanal Ba Gado Ba Ne

Tarihin madatsar Tiga tun zamanin Audu Bako kun fi ni saninsa, ba zan ɓata muku lokaci a kai ba.

Duk lokacin da aka fasa wa wani kai a kan ruwan madatsar, ko shanu suka faɗa wa tumatir tsakanin Kura, Bunkure da Garun Malam, bayani biyu ake kawo mana: ko a ce halin Fulani ne, ko a ce ƙwaya ce ta kwashi samari. Na farkon ya yi kama da tsohon ra'ayin Konrad Lorenz, wai faɗa a jinin ɗan Adam yake. To, me ya sa jinin ya fi tafasa a wutsiyar kanal, a tsakiyar rani? Ƙwaya kuwa tana nan, amma fetur ce, wani ne ya kunna wutar.

A 1939 John Dollard da abokan aikinsa a Jami'ar Yale suka ce takaici ne uwar faɗa: mutum ya sa rai da abu, a tare masa hanya. Ku dubi manomin da ya ci bashin taki, ranar ban-ruwansa ta zo, ya yi sammako da fartanya, ya tarar na sama da shi ya toshe hanyar ruwa da buhun yashi, ganyen tumatir ya yi yaushi. Leonard Berkowitz ya ƙara cewa takaicin ya fi zafi idan mutum ya ga da gangan aka yi masa, kuma a 1967 ya nuna cewa ganin makami a kusa kan ƙara ingiza mai fushi. A gona kowa da makaminsa a hannu tun safe.

Hujjar da na fi dogara da ita, ko da abokan aikina sun gaji da ji, ita ce ta Muzafer Sherif. A 1954 ya kai yara maza 22 wani sansani a jihar Okalahoma ta Amurka. Masu tarbiyya ne, ba su san juna ba, addininsu ɗaya, launinsu ɗaya. Ya raba su gida biyu, ya sa gasar da ɓangare ɗaya kaɗai zai ci kyauta. Kafin a jima sun ƙone tutar juna, sun kai wa juna hari a makwanci. Ya haɗa su cin abinci tare don su shirya, sai suka riƙa jifar juna da abincin. Wannan shi ne irin taron sulhun da muke kashe kuɗi a kai. Abin da ya fara sauƙaƙa gabar shi ne da aka toshe ruwan sansanin da gangan, ƙishirwa ta kama kowa, dole suka haɗu suka gyara. Daga baya suka ja motar abinci da igiya tare. Ranar komawa gida su da kansu suka nemi a sa su a mota ɗaya. Ana cewa yaran Amurka ne, ba manomanmu ba. Na ji, amma ƙishirwa ba ta da ƙasa.

Don haka ga abin da nake kira a kai. A rubuta jadawalin sakin ruwa a manna a ƙofar masallaci da Kasuwar Kwanar Gafan, don mai wutsiyar kanal ya san ranarsa, ya kuma san wanda zai tuhuma. A ba makiyaya kujera a ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, kujera mai ƙuri'a. A dawo da burtali da mashaya inda gona ta cinye su. Yashe kanal da cire kacala kuma a mayar da su aikin gayya, na sama da na ƙasa da mai shanu a rana ɗaya, kafin a buɗe ruwan rani.