Littafin Bashi da Wayar Salula: Lacca ga 'Yan Kasuwar Falanko

 

Tun zamanin da ayarin raƙuma ke ratsa Damargu tsakanin Agadas da Kano, suna sauke gishirin Bilma su ɗauki hatsi, falke bai taɓa rasa basira ba. Abin da ya sha rasawa shi ne labari a kan kari, da lissafin da ba a kan mutum guda kaɗai yake zaune ba. Na farkon, salula ta riga ta sauƙaƙa shi. Wata masaniyar tattalin arziki ta Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta iske inda rezo ya kai, tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, saboda mai saye ya daina hawa mota don kurum ya ji nawa tiya take a Tanut. Haka aiken kuɗi: abin da a da ake damƙa wa direba amana, yau Nita ko Al Izza ko Airtel Money ke isar da shi, shaida kuma tana cikin waya.

Saura lissafi, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe. Mai kanti a garinmu, wanda tun asuba yake awon shinkafa da sukari, yana ba da canji, yana sauraron wadda ta ce a ba ta sabulu sai ran kasuwa, ba ƙaramin nauyi yake ɗora wa zuciyarsa ba idan ya ce dare ya yi zai tuna kome. Shi ya sa sau da yawa, in Allah Ya karɓi ransa, magada su rasa wa ake bi, wa ke bi. Alhali kuwa aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ne da rubuta bashi da ajalinsa da kafa shaidu. To, idan manhajar waya za ta riƙe suna da adadi da rana, ta tara jimilla da kanta, ta faɗakar da mai kanti cewa mai ya kusa ƙarewa tun kafin mota ta tashi zuwa Damagaram, ban ga abin ƙi ba. Hasali ma hidima ce ga abin da shari'a ta nema.

Sai dai galibin waɗannan manhajoji an tsara su ne don ma'aikacin birni mai jiran albashin ƙarshen wata. Da Faransanci suke magana, da faran suke ƙirga, mu kuwa dala da jaka muke faɗi, kuma duk wanda ya manta dala biyar-biyar take, ya rubuta ɗari a inda ya kamata ɗari biyar, na'ura ba za ta ce masa uffan ba. Mafi muhimmanci, ajalin manomin Damargu kaka ce. Saƙon tuni da ke fita da kansa kowane wata, ya sami magidanci tsakiyar damina rumbu wayam, cin fuska ne, alhali aya ta 280 ta surar nan ta yi horo da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Na'ura ba ta san wanda fara ta cinye gonarsa ba. Mai kanti ya sani.

Shawarata ita ce a bar wa waya tarawa da tunatar da mai dukiya, amma kada saƙo ya tafi ga mai bashi sai mai kanti ya duba ya yarda. Kuma tun da zafi da ƙura ba sa barin waya ta tsufa, caji ma sai an kai wurin mai farantin hasken rana, kowace Juma'a a kwafe jimillar cikin takarda, da boko ko da ajami, a nuna wa babban ɗa inda take.