Yadda Yawan Mace-mace Ya Bambanta Tsakanin Ƙananan Hukumomin Jihar Borno



Kowane mai rai mamaci ne, wannan babu jayayya. Amma in aka ɗauki mutum dubu a wannan gari, aka ɗauki dubu a wancan, aka ƙidaya waɗanda suka rasu cikin shekara, sai a tarar lissafin bai zo ɗaya ba. Jihar Borno tana da ƙananan hukumomi 27, adadi guda kuwa da za a bayar da sunan jihar baki ɗaya yakan ɓoye wuraren da abin ya fi tsanani.

Bama ta isa misali. A watan Yuni na 2016, bayan rikicin Boko Haram ya raba jama'a da gonakinsu, ƙungiyar likitoci ta MSF ta shiga sansanin 'yan gudun hijira na garin, inda mutum kimanin 24,000 ke zaune. Ta ba da labarin cewa mutum 188 sun rasu cikin wata guda, watau wajen shida kowace rana, galibi saboda zawo da yunwa. An kuma ƙidaya kaburbura 1,233 kusa da sansanin, 480 daga ciki na yara ne. A ƙa'idar ma'aikatan agaji, in mutum ɗaya cikin 10,000 yana mutuwa kowace rana, to an shiga halin gaggawa. Na Bama ya ninka haka fiye da sau biyu, alhali tsakaninta da Maiduguri, inda Asibitin Koyarwa na Jami'a yake, kimanin kilomita 70 ne kawai.

Wani wurin kuma hanya ce matsala. Garin Rann, a Kala-Balge, ruwa yakan yanke shi da damina. Macen da naƙuda ta tsananta mata a Maiduguri, cikin sa'a guda an kai ta gaban likita. 'Yar'uwarta a Rann, ko akwai kuɗin mota, ina hanyar?

Birnin ma ba duka ya zama ɗaya ba. Annobar kwalara ta 2017 daga sansanin Muna Garage ta ɓullo, cikin ƙaramar hukumar Jere, inda mutane suka yi cunkoso, ruwan sha da makewayi suka yi ƙaranci. An kuma same ta a Dikwa da Monguno.

Akwai wani abu da ke rikita lissafi. Maras lafiya da aka ɗauko daga ƙauye bayan ciwo ya ci ƙarfinsa, in ya cika a asibitin birni, a littafin asibitin birni sunansa zai fito. Wanda kuwa ya rasu a gida, aka yi masa sutura kafin la'asar, sau da yawa babu littafin da ya shiga ko kaɗan. Saboda haka sai ƙauyen da ya fi bukatar magani ya zama kamar lafiya lau yake a takarda.

Dokar 1992 ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa, aikin kuma yana hannun Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa. Ana roƙon magidanta, da bulamomi, da lawanai, da limamai, in an yi rashi, bayan an gama zaman makoki, a sanar da ofishin rajista mafi kusa. A faɗi shekarun mamacin, da ciwon da ya yi, musamman ma a faɗi garin da yake zaune, ba inda ya cika kaɗai ba.