WATANDA A KURMI: SAYEN SA DAGA HANNUN MAKIYAYI

Wannan shi ne jawabin da aka gabatar a gaban wani taro na 'yan Arewa mazauna Ikko da kewayenta, game da haɗa kuɗi a sayi sa kai tsaye daga ruga ko daga wurin masu turka.



Babu magidancin da ke zaune a Ikko, ko Badun, ko Fatakwal, ko Anacha, wanda bai san yadda nama ya yi wa tukunyar talaka nisa ba. Abin takaicin kuwa shi ne, saniyar da ake yankawa a waɗannan birane galibi daga Arewa ta fito, daga garuruwan da su waɗannan magidanta suka baro. Saboda haka ne aka ga jama'a sun koma wa wata tsohuwar al'ada ta gida, watau watanda, inda mutum goma ko ashirin za su haɗa kuɗi su sayi sa guda, a yanka a kasa, kowa ya ɗauki kashinsa. Wasu ma sun ƙara gaba, sun ce tun da kuɗi ya taru, me zai hana a tsallake kasuwa a tafi wurin mai dabba kai tsaye? Shawara ce mai kyau, amma tana da sharuɗɗa, kuma wanda ya shiga bai san su ba yana iya rasa kuɗinsa, ko lafiyar iyalinsa, ko ma 'yancinsa.

Ya kamata a fara da sanin hanyar da sa ke bi kafin ya iso kan teburin mahauci. Dajin Kudu yana da ƙudan tsando mai kawo sammore, ciwon da ke kassara manyan shanun Arewa irin su Bunaji da Rahaji da Bokoloji. 'Yan ƙananan shanun da ke jure masa, kamar Muturu, ba su taɓa isar mutanen Kudu ba. Wannan shi ne asalin fataucin shanu zuwa Kurmi. A da korarsu ake yi da ƙafa, tafiya ta makonni da yawa. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 aka sami wata hanyar, daga baya kuma tirela ta karɓe aikin. Ana tara dabbobin a manyan kasuwanni irin su Potiskum, da Maigatari, da Wudil, da Mubi, da Illela, a sauke su a wurare kamar Karar da ke bakin Ikko a kan hanyar Badun, da Oko-Oba a Agege, da Lokpanta a Jihar Abiya.

Tsakanin makiyayi da mai ci kuwa akwai hannuwa da dama: mai saye a ƙauye, dillalin kasuwar Arewa, falke, mai mota, mai masauki, dillalin Kara, sa'an nan mahauci. Kowa da abin da zai ci, ga kuɗin shiga kasuwa, ga harajin hanya, ga kuɗin mai, wanda ya yi tashin gwauron zabo tun bayan janye tallafi a watan Mayu na 2023. Duk waɗannan a kan kilo ɗayan nan da uwargida za ta saya suke taruwa. An kuma ga yadda hanyar nan take da rauni a ƙarshen watan Fabrairu na 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun, lokacin da 'yan kasuwar abinci da shanu suka dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki, nama ya yi wuyar samu a biranen Kurmi.

To, amma fa kada a ɗauka cewa waɗannan mutane zaman banza suke yi suna cin kuɗin jama'a. Wani masanin zamantakewa, Abner Cohen, ya zauna a Sabo ta Badun ya binciki wannan ciniki, ya fitar da littafinsa a 1969. Abin da ya nuna shi ne mai masauki da dillali su ne gatan falke da mahauci gaba ɗaya: su suka san wanda ake iya ba bashi, su ke tsayawa idan kuɗi ya maƙale, su ake kamawa idan magana ta taso. La'adar da dillali ke karɓa kuɗin jingina ne da sunansa. Saboda haka duk ƙungiyar da ta tsallake dillali ta san cewa ta ɗauki aikinsa ta aza a kanta. Aikin nan kuwa kashi huɗu ne: sanin asalin dabba, sanin lafiyarta, sanin nauyinta, da riƙon amanar kuɗi.

Na farko, asalin dabba. Satar shanu ta addabi Arewa shekaru da yawa, har ta kai Gwamnatin Jihar Zamfara ta rufe kasuwannin dabbobi a 2021 don toshe wa ɓarayi hanyar sayarwa. Dabbar sata a ɓoye ake neman rabuwa da ita, da araha mai ruɗin ido. Wanda aka kama da ita kuwa, ba ruwan hukuma da cewa bai sani ba, sai ya yi bayani a ofishin 'yan sanda, kuma baƙo a garin mutane ya fi kowa shan wuya a irin wannan hali. Don haka ba a cinikin sa da dare, ba a yi a bakin daji. A yi shi da rana a cikin ruga ko gidan mai turka, a gaban Arɗo ko mai unguwa, da shaidu daga kowane ɓangare. A rubuta takarda mai ɗauke da sunan mai sayarwa, da launin dabba, da siffar ƙahonta, da duk wata shaida da ke jikinta, da kuɗin da aka biya. In mai dabba ya ƙi takarda, ciniki ya mutu, komai arahar kayan.

Na biyu, lafiya. Sa mai lafiya idonsa garau yake, hancinsa da danshi, gashinsa na sheƙi, yana tuƙa, yana tafiya ba ɗingishi. A guji mai tari, da mai zawo, da mai dalalar da yawu, da wanda ya ware daga garke ya sunkuyar da kai. Tarin fuka na shanu yana kama mutum, haka nan bakkale. A watan Yuli na 2023 hukuma ta tabbatar da ɓullar cutar antaras a wata gona da ke Suleja ta Jihar Neja. Alamarta ita ce dabba ta faɗi farat ɗaya, jini yana fita ta hanci da baki da dubura, kuma ba ya daskarewa. Irin wannan ko feɗe ta ba a yi, sai a kira likitan dabbobi. A nan ne al'adar nan ta gaggauta sa wa dabba wuƙa don ta faɗi, a sayar da naman da rahusa, take da mugun haɗari.

Har ila yau, a tambayi mai dabba ranar da aka yi mata allura ta ƙarshe. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta da makiyaya ke yawan amfani da su suna daɗewa a cikin nama, wasu makonni uku zuwa huɗu, wasu fiye, kuma adadin kwanakin yana rubuce a jikin kwalba. In an ce jiya aka yi, sai a dakata. Kazalika a guji sayen mace don watanda, domin sau da yawa sai an feɗe ake tarar da ɗa a ciki, an yi hasarar rai biyu ke nan.

Na uku, nauyi da lissafi. A nan ne zumunci ya fi ɓaci, domin mutane suna ganin sa a tsaye su zaci duk nama ne. Alhali kuwa idan an yanka irin shanunmu, aka cire kai, da ƙafafu, da fata, da kayan ciki, da jini, abin da ke saura wajen rabin nauyin ne kawai, shi ma da ƙashi a ciki. A ƙaddara sa mai kilo 300. Gangar jikinsa za ta ba da kamar kilo 150, tsokar zalla kuwa ba za ta wuce kilo 100 da 'yan kai ba. In mutum 20 ne, kowa zai tashi da kilo bakwai da rabi na nama da ƙashi. A ƙaddara kuma an saye shi Naira 900,000, mota da ladan mahauci da kuɗin mayanka sun ci Naira 90,000. Jimla Naira 990,000 ke nan, kowane kashi Naira 49,500, kowane kilo ya faɗo a Naira 6,600, ban da kai da ƙauri da ganda da kayan ciki waɗanda ke bisa. Wannan misali ne kurum, amma haka za a yi lissafin tun kafin a ce an saya, a gwada da farashin kilo a kasuwar unguwa a wannan mako. In bambancin bai taka kara ya karya ba, babu amfanin wahalar.

Inda babu sikeli, likitocin dabbobi suna da wani tef da ake zagaya ƙirjin sa da shi daga bayan ƙafafun gaba, ya nuna kusan nauyinsa. Shekaru kuwa a baki ake duba su. Saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, takwas ne a ƙasa. Manya biyu na farko suna fitowa tana da shekara biyu ko da ɗan ɗori, bakin kuma yana cika wajen shekara huɗu zuwa biyar. Sa mai manyan haƙora huɗu ko shida ya yi nama kuma bai yi tauri ba. Wanda haƙoransa suka cinye ya tsufa, zai sha itace ko gas kafin ya nuna.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Shanun kiwo sun fi ƙiba da kaka, bayan sun ƙoshi da ciyawar damina da karmami, sun fi ramewa da bazara. Farashi yana hawa gab da Babbar Salla da Kirsimeti. Mai hankali yana yin cinikinsa kafin kasuwa ta yi zafi.

Wajen saye kuwa hanya biyu ce. Akwai rugage da masu turka a nan Kudu, musamman a yankin Oke-Ogun na Jihar Oyo, wajajen Iseyin da Shaki. Kusa ne, ana iya zuwa a gani da ido. Akwai kuma saye a gida ta hannun ɗan'uwa, a haɗa da kayan wani falke a tirela. Wannan ya fi araha a wurin saye, amma daga Kano zuwa Ikko wajen kilomita 1,000 ne, dabba tana zubar da nauyi a hanya, wata ta karye, wata ta mutu. Tilas a yi magana tun farko a kan wanda hasarar za ta hau. Kuma ba a cinikin biri a sama: hoton waya ba ya nuna tari, ba ya nuna nauyi.

Idan sa ya iso, kada a bar shi yana yawo a fili ko a gonar wani. Jihohin Kudu da dama sun kafa dokar hana kiwon sake, Jihar Ikko ta kafa tata a 2021. A ɗaure shi a inuwa, a ba shi ruwa, ya huta kwana guda, domin dabbar da aka yanka a gajiye namanta yakan yi duhu ya kuma yi saurin lalacewa. A kai shi mayankar da hukuma ta amince da ita, inda ma'aikacin lafiyar dabbobi zai duba huhu da hanta da sauran kayan ciki. A nemi mahauci ta hannun Sarkin Fawa a biya shi ladansa cikakke. Watanda ba gaba ba ce da mahauta, kuma kasa nama daidai sana'a ce da ba kowa ya iya ba.

Na huɗu, amana. Kuɗin jama'a ba a barinsa a hannun mutum ɗaya. A naɗa mutum uku: mai ajiya, mai rubutu, da wanda ya san dabba. Kowa ya biya kafin ranar tafiya, ba bashi. A yanke shawara tun kafin a ga jini a kan yadda za a yi da kai, da ƙauri, da fata, da wutsiya, da tozo: ko a yi gwanjonsu a tsakanin 'yan ƙungiya a rage kuɗin, ko a kasa su. A raba kowane sashe dabam, cinya, da kafaɗa, da haƙarƙari, da ƙirji, da hanta, da tumbi, yadda kowane kashi zai sami rabonsa daga kowanne. A auna da sikeli a gaban kowa, sa'an nan a jefa ƙuri'a, don kada wani ya ce an zaɓa wa wani. In da hali a fitar da ɗan abu don marayu da gwagwaren unguwa.

Saura ajiya, wadda ta fi shafar iyaye mata. Nama yana yin watanni a cikin firiza idan ya daskare sosai, amma kowa ya san halin wutar lantarki. Naman da ya narke ya kwana da ɗumi ba a mai da shi. A ƙulla shi ƙulli-ƙulli daidai girkin yini guda. Wanda ba shi da tabbacin wuta ya koma wa dabarun gida: a soya shi ƙarau da gishiri, ko a yi dambu, ko kilishi, ko a banda shi. Wanda kuwa ba shi da wurin ajiya ya haɗa kashi ɗaya da maƙwabcinsa.

Jama'a, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma watanda tana iya mai da nama cikin tukunyar ɗan dako da mai gadi da ɗan acaɓa. Abin da ake roƙo shi ne kowace unguwa da ke da niyya ta fara da sa guda, ta rubuta duk abin da aka kashe da duk abin da aka samu, ta karanta wa 'yan ƙungiya a fili. In lissafi ya fita, a maimaita. In bai fita ba, a koma wurin mahauci ba tare da an ɓata da kowa ba.

Allah Ya sa albarka a cikin nema, Ya ba da zaman lafiya da masu masauki, Ya mai da kowa gida lafiya. Wassalamu alaikum.