Ɗan Talaka da Aikin Lafiyar Jama'a



An nemi in yi magana a kan yaran da suka fito daga gidajen da babu, suka nufi karatun lafiyar jama'a. Tudun Wada, inda muke wannan taro, ta dace da wannan zance. A nan asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya zauna shekara da shekaru kafin a koma Shika a 2005, ga kuma Wusasa nan kusa, inda Dokta Barau Dikko, likitan farko daga Arewa, ya tashi. Duk da haka, in 'yar mai awara ta ce ta samu gurbin karatun lafiya, tambayar farko ita ce, "Likita za ki zama ko nas?" In ta ce a'a, lafiyar jama'a ce, sai a taɓe baki, a ɗauka makin likitanci ne bai kai ba.

Wannan raini rashin sani ne ya kawo shi. Likita yana zaune mara lafiya ya same shi. Ma'aikacin lafiyar jama'a kuwa sawun cutar yake bi har rijiyar da ta fito. Dattawan da ke nan sun tuna duba-gari, wanda zai shiga gida ya buɗe randa, ya leƙa masai, ya duba kwata, matan gida na ta rawar jiki. Aikin nan ne ya girma ya zama ilimi mai zaman kansa, wanda marigayi Farfesa Umaru Shehu ya koyar a wannan jami'a tamu. A 2010, da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, magani kaɗai bai isa ba. Sai da aka gano cewa duwatsun zinariya ake niƙawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe, aka shawo kan magidanta su fitar da aikin waje, aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa.

Wa zai iya shawo kan magidanci? A nan ɗan talaka ya fi kowa jari. Ku tuna 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi. Jama'a ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara lokacin sanƙarau na 1996 ba, kuma suna da hujjar yin ɗari-ɗari. Kafin a dawo da rigakafin a 2004 cutar ta sake bazuwa, daga baya ta kai har Yaman da Indonesiya. Sarakuna da malamai sun yi nasu, amma wadda ta ƙarasa aikin ita ce matar nan mai rataye da akwatin sanyi, wadda za ta yi sallama a zauren da aka rubuta "ba shiga", ta wuce don ita mace ce kuma 'yar unguwa. Za ta gaida uwar gida, ta tambayi mai jego ya ruwan zafi, ta saurari ƙorafin cewa an kawo ɗigon baki kyauta alhali maganin zazzaɓi sai an saya, sannan ta ɗiga wa yaro, ta shafa masa tawada a ɗan ƙaramin yatsa, ta yi alama da alli a bango. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Da irin wannan shiga da fita aka kai ranar 25 ga Agusta, 2020, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna.

Ba mu kaɗai muka gano haka ba. A Amurka, 'ya'yan baƙi daga Meziko da maƙwabtanta, waɗanda tun suna ƙanana suke yi wa iyayensu tafinta a asibiti, su ake nema yanzu a wannan fanni, don suna jin Sifaniyanci kuma unguwanninsu sun yarda da su.

Sai dai kada daɗin labari ya sa mu yi wa talauci kirari. Talauci ba makaranta ba ne, kuma waɗanda ya kayar sun fi waɗanda suka tsallake yawa. Abin takaicin, ba manyan kuɗi ke kayar da su ba. Uwa za ta kwashi adashi ta biya rajista, a yi murna. Sai a tura ɗaliba aikin koyo a wani ƙauye kamar Yakawada a Giwa, ko ta riƙa zirga-zirga tsakanin gida da makarantarta a Makarfi, sai kuɗin mota da na buga takardu da na jarrabawar hukumar da ke ba da lasisi su taru su yi mata yawa. Tana karatu da fitilar waya bayan ta gama taya suya, ga dangi na cewa aure ya fi. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ya rage wani abu, amma ɗaliban ƙananan makarantu masu zaman kansu ba sa cikinsa.

Don haka roƙona ga kwamitocin zakka na masallatanmu da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai shi ne su daina jiran sai sun iya ɗaukar nauyin digiri sukutum. Ku nemi ɗaliban zangon ƙarshe, ku biya musu kuɗin lasisi da na mota. Ga shugabannin ƙananan hukumomi da ke zaune a gaba kuma, ku leƙa asibitocin sha-ka-tafi na mazaɓunku. Za ku tarar da matasa masu takardar shaida a hannu suna awon ciki da allurar jarirai a matsayin 'yan sa-kai, wasu shekaru ke nan ba albashi. Su ya kamata a fara kira duk ranar da aka buɗe ɗaukar ma'aikata.