Wutar Daji: Abin da Tauraro ke Gani da Abin da ya Rage Gare Mu

Ƴan'uwana makiyayan Arlit, Gugaram da Dannat,

Kun sani, shekarar da damina ta yi kyau ita ce shekarar da muka fi tsoron wuta. Daga watan Oktoba ƙarangiya da afazo sun bushe a filin Talak, ga iskar hunturu. Garwashin shayi ɗaya ko guntun taba ya isa ya cinye abincin dabbobi na rani duka.

To, yau ana kallon dajinmu daga sama. Amurka ta harba tauraron ɗan adam mai suna Terra a 1999, da Aqua a 2002, ɗauke da na'urar MODIS mai gane zafin wuta a ƙasa. A 2011 aka ƙara wata, VIIRS, wadda ta fi ta ganin ƙananan wurare. Cibiyar AGRHYMET ta Yamai, da aka kafa a 1974, tana amfani da irin waɗannan hotuna don bin sawun wutar daji a ƙasashen Sahel.

Bayan zafi, sai hayaƙi. Ana nuna wa kwamfuta dubban hotuna, ana ce mata: wannan hayaƙi ne, wannan girgije, wannan ƙura, har ta iya bambancewa da kanta. Kamar dai yaron da ya tashi cikin garke, wanda ke gane raƙumarsu tun daga nesa. Hayaƙi yana tasowa daga wuri guda ya miƙe bin iska. Ƙura kuwa shimfiɗuwa take yi ko'ina.

Amma fa ku saurara da kyau. Waɗannan taurari wucewa suke yi, sau kaɗan a yini. Wutar ciyawa kuma gudu gare ta: tana iya tashi ta gama ɓarna kafin su dawo. In hazo ya yi kauri, kamar yadda muka saba a nan, hayaƙi na ɓacewa a ciki. Sannan tauraro bai taɓa kashe wuta ba.

Saboda haka aikinmu yana nan:

Na ɗaya, mu share hanyoyin tare wuta tun ciyawa ba ta gama bushewa ba, masu faɗin kamar mita 20, su gitta wa iskar gabas. Ciyawar da aka kwashe a adana ta don rani.

Na biyu, wanda ya dafa shayi ya binne garwashi da rairayi kafin ya tashi.

Na uku, wanda ya hangi hayaƙi kada ya ce wani zai faɗa. Ya sanar da hakimi, da ma'aikatan gandun daji ko na kiwo, ya faɗi sunan rijiya ko kwarin da ke kusa, da inda iska ta nufa.

Allah ya tsare mana dukiyarmu. Wassalamu.