Ba A Kan Annabi Isa Aka Fara Faɗa A Zangon Kataf Ba, In Ji Malam

Wannan shi ne jawabin da Malam ya gabatar wa 'yan uwa matasa a zaman karatu na bayan sallar Isha, inda aka nemi ya yi bayani a kan musabbabin saɓanin da ke tsakanin Musulmi da Kirista. A sha karatu lafiya.

Bayan godiya ga Allah Ta'ala da salati ga Manzon tsira (S), Malam ya fara da cewa akwai abubuwa guda biyu da mutane suka cakuɗa wuri ɗaya, kuma wannan cakuɗawar ta ci rayuka masu yawa a ƙasar nan. Na farko saɓanin aƙida, na biyu kuma faɗa. Ya ce shi saɓani ya girmi kakannin duk wanda ke zaune a wurin, amma kowane faɗa yana da ranar da ya fara, da garin da ya fara, da abin da aka fara shi a kai.

Dangane da aƙida, Malam ya ce kada wani ya yaudari kansa, saɓanin babba ne. Musulmi ya yi imani cewa Annabi Isa (AS) bawan Allah ne kuma Manzonsa, wanda Nana Maryam ta haifa ba tare da uba ba. Kirista kuwa ya ce ɗan Allah ne, kuma Allah ne, matsayin da manyan coci suka tsayar a taron Nikiya a shekarar 325 Miladiyya, tun kafin haihuwar Manzon Allah (S) da sama da shekaru 200. Kirista ya ce an gicciye Isa, ya mutu, ya tashi a rana ta uku, kuma a kan wannan ne cetonsa ya rataya, alhali Alƙur'ani ya kore cewa an kashe shi ko an gicciye shi. Sannan Kirista bai yarda da annabcin Annabi Muhammadu (S) ba. "Duk wanda ya ce maku addinan nan biyu abu ɗaya ne, to bai san nasa ba, bai kuma san na maƙwabcinsa ba. Ko Kirista mai riƙo da addininsa ba zai yarda da wannan maganar ba."

To amma, in ji Malam, tambayar ita ce: wannan saɓanin ne yake zubar da jini? Sai ya koma ga tarihi. A shekara ta biyar bayan aike, da azabar Ƙuraishawa ta yi tsanani, Manzon Allah (S) ya tura sahabbansa Habasha, wurin Najjashi, sarki Kirista. Ƙuraishawa suka aika Amru bin Asi da kyaututtuka don a dawo da su. Da dabara ta ƙare masa, sai ya taso da maganar Isa, domin ya san nan ne wurin da zai iya haɗa su. Ja'afar bin Abi Ɗalib, wanda tun farko ya karanta wa sarkin farkon Suratu Maryam, bai ɓoye komai ba, ya faɗi abin da Musulunci ya ce game da Isa a gaban manyan limaman coci. Sarki ya ƙi miƙa su. Malam ya ce 'yan uwa su lura da wanda ya taso da maganar: mushriki ne, wanda a lokacin bai yi imani da Isa ba, bai yi imani da Muhammadu ba. Buƙatarsa kawai yake nema.

Haka nan tawagar Kiristocin Najran da suka zo Madina a ƙarshen rayuwar Manzo (S). An yi muhawara a kan Isa har ta kai ga kiran mubahala, suka janye. Malaman Sira sun kawo cewa da lokacin ibadarsu ya yi, a cikin masallacin Annabi suka yi ta. Sun koma gida a kan addininsu, da yarjejeniyar zaman amana a hannunsu, ba wanda ya fasa wa wani kai.

Daga nan Malam ya dawo gida, ya ce a ɗauki Zangon Kataf a duba ta da kyau, domin wanda ya fahimce ta ya fahimci saura. Garin Zango tsohon masauƙin fatake ne na Hausawa, a tsakiyar ƙasar Katafawa. Ƙasar tana ƙarƙashin masarautar Zazzau tun kafin Turawa, kuma da Turawa suka zo sai suka ƙara ɗaure wannan igiyar, ana naɗo hakimi daga Zariya, ana karɓar haraji ta hannunsa. A lokaci guda kuma Turawan sun taƙaita aikin 'yan mishan a cikin biranen sarakunan Musulmi, suka sakar masu hanya a wuraren da ba Musulmi ba. Sakamakon haka sai iyakar addini ta hau daidai kan iyakar ƙabila: Bahaushe Musulmi, Bakatafe Kirista. Daga ranar, in ji Malam, duk rigimar gona ko sarauta ko rumfar kasuwa ta samu riga ta addini da za a sa mata.

A watan Fabrairun 1992, ƙaramar hukumar, wadda Bakatafe ke shugabanta, ta yanke shawarar tayar da kasuwar Zango daga cikin gari zuwa wani sabon wuri. Hausawa suka ga an nufi abincinsu, Katafawa kuma suka ga lokaci ya yi da za su samu rumfuna a kasuwar da ke ƙasarsu. Aka gwabza. Gwamnatin jiha ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai shari'a Rahila Cudjoe, amma kafin a je ko'ina, a tsakiyar watan Mayu abin ya dawo da muni. Aka yi wa Hausawan garin Zango kisa mai yawa, aka ƙone garin. Da labari da gawawwaki suka iso Kaduna, sai wuta ta kama a can, ta kai Zariya, aka afka wa Kiristocin da wasunsu ba su taɓa taka Zangon Kataf ba. Gwamnatin Babangida ta kafa kotu ta musamman ƙarƙashin Mai shari'a Benedict Okadigbo, wadda a 1993 ta yanke wa Manjo Janar Zamani Lekwot da wasu hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi ɗauri. A zamanin Kanar Lawal Ja'afaru Isa kuma aka bai wa Katafawa masarautarsu.

"To 'yan uwa, a cikin duk wannan, a ina aka yi muhawara a kan gicciye? Wa ya ɗauko Linjila, wa ya ɗauko Alƙur'ani? Kasuwa ce, da gona, da wanda zai naɗa rawani. Da gwamnati ta tashi neman magani ma, ai ba malamai da fastoci ta tara su warware Triniti ba, sarauta ta bayar."

Ya ce labarin kusan ɗaya ne a Tafawa Balewa a 1991, inda gardamar nama ta tayar da abin, amma a ƙarƙashi akwai daɗaɗɗiyar buƙatar Sayawa ta fita daga ƙarƙashin Bauci. A Jos kuwa maganar ɗan ƙasa da baƙo ce, tun bayan ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991: wa zai samu takardar shaidar asali, wa zai hau kujera. Abin da ya fashe a Satumbar 2001 kenan, ya sake fashewa a Nuwambar 2008 a kan zaɓen ƙaramar hukuma.

Sai dai Malam ya ce ba za a yi adalci ba in aka ce addini ba ya ciki sam. Akwai tsoro na gaske a kowane ɓangare. Lokacin da aka shigar da Nijeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC a 1986 ba tare da an fito fili an sanar ba, Kiristoci sun ga ana shirin musuluntar da ƙasa a asirce. Musulmi kuma yana kallon hutun Asabar da Lahadi, da kalandar Miladiyya, da dokokin da Ingila ta bari, yana ganin shi ne aka daɗe da dannewa. Waɗannan tsoro biyu ne suka yi karo a Kaduna a Fabrairun 2000 a kan maganar Shari'a, kuma bayan nan ne garin ya rabu: Musulmi suka tattara su Tudun Wada da Rigasa, Kirista suka koma su Sabon Tasha da Narayi. Ya ce yaron da ya tashi bai taɓa zama aji ɗaya da ɗan wancan ɓangaren ba, duk abin da aka gaya masa a kansu zai gaskata.

A nan wani matashi ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, to in an taɓa mutuncin Annabi fa?"

Malam ya ce wannan tambaya ce mai kyau, kuma ba Musulmin da zuciyarsa ba za ta ƙuna ba. Ya kawo Kafanchan, a watan Maris na 1987, inda wani mai wa'azin Kirista a Kwalejin Ilimi ya yi maganar da ɗalibai Musulmi suka ɗauka cin zarafi ne ga Alƙur'ani da Manzo (S). Daga makaranta abin ya shiga gari, aka kashe Musulmi, aka ƙona masallatai. Cikin 'yan kwanaki aka ƙone coci-coci a Zariya, Kaduna, Funtuwa da Katsina. "Wanda ya yi maganar mutum ɗaya ne. Mai ɗinkin da ke Sabon Garin Zariya me ya faɗa? Alƙur'ani ya kafa ƙa'ida cewa ba wanda ke ɗaukar laifin wani. Kuma ko shi mai laifin, hukuncinsa na alƙali ne bayan shaida, ba na taron jama'a da galan ɗin fetur ba."

Ya ce matasa su ne itacen wannan wuta, su ake kashewa, su ake kwasa a motar 'yan sanda, alhali waɗanda suka hura ta suna haɗuwa a Abuja suna cin abinci tare. Ya ambaci Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda kowanne ya jagoranci matasan ɓangarensa a rikicin 1992 a Kaduna. Faston ya rasa hannu, Imamin ya rasa malaminsa da 'yan uwansa, daga baya suka haɗu suka kafa cibiyar sasanci, ba tare da ɗayansu ya bar addininsa ba. Ya kuma ambaci Liman Abubakar Abdullahi na wani ƙauye a ƙaramar hukumar Barikin Ladi, wanda a watan Yunin 2018 ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi miƙa su ga mahara.

Matashin ya sake tambaya ko hakan na nufin a daina muhawara da Kiristoci. Malam ya ce a'a, a yi ta, amma wanda zai yi ya fara zama ya karanta Suratu Ali Imrana da Suratu Maryam a gaban malami, ya kuma san abin da Kiristan yake faɗa daga bakinsa, ba daga jita-jitar wayar hannu ba. Ya ce karatun mako mai zuwa daga farkon Ali Imrana zai tashi, kowa ya zo da Mus'hafinsa.